An karɓi yatsunmu da fuskokinmu, ina amanar?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da sauran abokan aiki, don Allah a taimaka min da ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ta yadda ake karɓar bayananmu na sirri ba a riƙe amanarsu, kuma na gaji da faɗin ta a bakin shago inda daga ni sai yarana sai wanda ya kawo gyara.

Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre a nan Kano, bana shekara 14 kenan ina wannan sana'a, tun lokacin da yawancin abin da ake kawo mana 'yar Nokia ce mai tocila da 'yar China mai sim biyu da eriyar talabijin. A cikin sana'ar nan na yi aure, da ita nake ciyar da iyali, don haka kada wani ya ɗauka maƙiyin ci gaba ne yake magana. Waya ita ce abincina. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wallahi abin da nake gani a kan teburina kullum ya sa yanzu in aka ce ga sabon abu ya fito ba na saurin murna, tambayar da take fara zuwa min ita ce me zai karɓa a wajena kuma wa zai kai wa.

Makon jiya wata dattijuwa ta kawo min wayarta skirin ya fashe, jikanta ne ya yar da ita. Tun kafin in tambaya ta faɗa min lambar buɗewa da ƙarfi a gaban mutane, shekarar haihuwar ɗanta na fari ce, kuma ina kyautata zaton ita ce dai lambar katin bankinta don haka yawancin iyayenmu suke yi. Da na gama sa sabon skirin ina gwada taci sai wajen hotuna ya buɗe, ga hoton takardar NIN ɗinta, ga katin ATM an ɗauke shi gaba da baya, ga 'ya'yanta mata a tsakar gida ba mayafi ranar wani suna. Na yi sauri na rufe na ce Hajiya don girman Allah ki goge hoton katin nan ki kuma canza lambar nan yau. Sai ta ce haba ɗana, ai kai na gida ne, wa zai duba? Na yi shiru, domin na san abin da ba ta sani ba. Ni da kaina na taɓa korar yaro daga shagona saboda na same shi yana tura hotunan wata yarinya zuwa wayarsa ta Bluetooth alhali caji kawai aka kawo a gyara mata, kuma duk mai sana'ar nan in zai faɗi gaskiya ya san akwai marasa tsoron Allah a cikinmu.

Toh amma ita Hajiya ta ga fuskata, ta san shagona, in na ci amanarta ta san inda za ta zo da 'ya'yanta ko ta kai ni gaban shugabannin kasuwa. Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda ba ta taɓa gani ba, ba ta san ofishinsu ba, kuma abin da suke riƙe da shi nata ya ninka wanda ya biyo ta hannuna.

Mu ƙirga mana. A 2011 aka ce kowa ya je ya yi rajistar sim, aka ɗauke mu hoto aka ɗauki yatsu. A 2014 Babban Banki ya kawo BVN, muka sake dangwalawa. Katin zaɓe yatsa, fasfon zuwa Hajji da Umara yatsa. Sai ga Disambar 2020, ana cikin korona ana ce wa mutane su ba da tazara, aka wayi gari da umarnin cewa duk wanda bai haɗa layinsa da NIN cikin mako biyu ba za a rufe masa, aka kuma dakatar da sayar da sabon sim har zuwa Afrilun 2021. Mu da muke kasuwar waya mun ga abin da wannan ya yi wa yaran da suke zama ƙarƙashin lema suna sayar da layi, wata huɗu ba ciniki. Mutane suna fita bayan asuba su rubuta suna a takarda su wuni a rana, tsofaffi da masu goyo, wasu har sai sun ba da na goro a kan abin da aka ce kyauta ne. Aka yi ta ƙara wa'adi, a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kiran waya, sai a Satumban 2024 aka ce an rufe ƙofa.

Me aka ce mana za mu samu? Tsaro. An ce in kowane layi yana da mai shi, ɗan garkuwa ba zai ɗauki waya ya kira ya nemi kuɗin fansa ba tare da an gano shi ba. Wallahi ni na yarda da maganar nan da zuciya ɗaya, har musu na riƙa yi da abokaina a kasuwa ina ce musu su yi haƙuri wahalar kwana biyu ce, domin mu 'yan Arewa mu muka fi kowa buƙatar ta zama gaskiya. Ina da dangi a wajen Katsina, na san yadda ake zama a zaure an sa waya a tsakiya ana jiran ta yi ƙara. Kuma tana yi. Lamba ɗaya za ta yi ta kira mako da makonni, a yi ciniki kamar na shanu, a ce a haɗo da katin waya da babur, wani lokaci har a ba ka wanda aka kama ka ji muryarsa yana kuka. A Satumban 2021 sai da aka kashe sabis ɗungurungum a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mai POS da ɗan kasuwa da mai mara lafiya a asibiti duk suka shiga uku tare da ɓarawon da ake nema. A Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, waɗanda suka yi aika-aikar suka riƙa sakin bidiyo suna aiko da saƙo wata da watanni. A Janairun 2024, lokacin da aka sace wasu 'yan gida ɗaya a Bwari, shi kansa Farfesa Isa Ali Pantami wanda a zamaninsa na ministan sadarwa aka kawo tsarin haɗa layi da NIN ya fito ya ce matsalar ita ce hukumomin tsaro ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Toh in haka ne Malam Edita, an karɓi kayanmu kenan ba a yi aikin da aka karɓa dominsa ba.

Da ma an ajiye ne kawai ba a yi komai da shi ba da sauƙi. A 2024 'yan jaridar bincike na FIJ da ƙungiyar Paradigm Initiative suka bankaɗo wasu shafukan intanet da suke sayar da bayanan 'yan Najeriya, NIN da BVN da lambar waya da sauransu, wani a kan naira 100 kacal, kuɗin da ko ƙwai ɗaya ba zai saya maka ba. Don su nuna abin ba wasa ba ne har takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani suka saya. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. Na ji, amma ni talaka ina ruwana da ko ta ƙofa aka fitar ko ta taga, kayana dai ga su a kasuwa. Kuma abin da mutane ba su gane ba shi ne, lambar sirri in ta fita sai ka canza wata, katin banki in ya ɓata sai a toshe a ba ka sabo, amma yatsa fa? Sunan mahaifiyarka da ranar haihuwarka da fuskarka fa? Waɗannan in sun fita sun fita kenan har ka koma ga Allah. Shi ya sa yanzu mutum zai kira ka ya ambaci cikakken sunanka da bankinka da ranar haihuwarka ya ce daga banki yake, an samu matsala a BVN ɗinka ka karanto masa lambar da aka turo maka, kai kuma ka ga ai ya san komai sai ka karanta. Kusan kowane mako sai wani ya zo shagona da jan ido yana tambaya ko akwai yadda zan yi a dawo masa da kuɗinsa ko da WhatsApp ɗinsa, ni kuma skirin da batir na iya, wannan ya fi ƙarfina.

Bari in ba ka wanda ya faru a gidanmu. Ƙanina tela ne, gab da wata sallah kekensa ya lalace ga ɗinkin mutane jibge, kunya ta hana shi tambayata, sai ya ga tallar wata manhajar bashi a Facebook ya sauke. Ya nemi dubu 15, dubu 10 da ɗari 5 suka shigo, aka ce kwana bakwai. Wajen saukewa ta yi ta tambayarsa da Turanci yana danna amincewa, bai san ya ba ta izinin kwashe duk lambobin da ke wayarsa da hotunansa ba. Ya makara da kwana uku. Ranar na huɗu da safe saƙo ya shigo wayata, ya shiga ta surukinsa, ya shiga ta limamin unguwarmu da matan da yake yi wa ɗinki, da hotonsa a jiki an rubuta ɓarawo ne ana nemansa duk wanda ya gan shi ya guje shi. Malam Edita, yaron nan mako guda bai fita masallaci ba. Na biya kuɗin a ranar, amma mutuncin da aka zubar a gaban suruki wa zai biya? Har yau in maganar ta taso sai ya tashi ya bar wajen.

Na san hukuma ta ɗan motsa. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan, a Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma masu manhajojin ma ba barci suke ba, yanzu link suke turo maka ta WhatsApp ka sauke kai tsaye ba ta Play Store ba, kuma ina ganin su a wayoyin da ake kawo min, wani za ka samu guda biyar ko shida a wayarsa yana cin bashi daga wannan yana biyan wancan.

Sai dai kuma in za mu yi adalci, ba duka laifin na gwamnati da kamfanoni ba ne, mu ma muna da namu kuma babba. Kowa ya ga abin da aka yi a garin nan a 2024 da sunan mainin, wato danna skirin a wasu manhajoji da fatan samun kuɗin kirifto. Yara da manya, matan aure, har a sahun masallaci kafin a tayar da sallah za ka ga yatsa yana dukan skirin. Na canza taci da batir ba adadi a wannan shekarar. Ban ce ba wanda ya samu ba, wasu sun samu a manhajar Notcoin kuma shi ya ruɗi kowa, amma da manhajar Hamster ta zo biyan mutane a Satumba an ga abin da yawancin mutane suka tashi da shi bayan wata da watanni suna ƙona data da caji. Asarar lokacin ma ba ta dame ni kamar abin da ake kira KYC ba, inda za a ce ka ɗora katin shaidarka, ka kalli kyamara, ka juya kai dama da hagu, ka ƙifta ido, kai kuma ba ka san sunan mai kamfanin ba balle ƙasar da yake. Yau wannan manhaja gobe waccan, duk wadda aka turo a gurup sai a ba ta fuska. A 2025 EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 da sana'arsu ita ce bin mutane suna sayen NIN da BVN ɗinsu a kan naira 1,500 zuwa 2,000 su sayar a kan 5,000, ana buɗe asusu da su ana damfara. Ranar da za a biyo sawun kuɗin sata, ƙofar wanda sunansa ke kan asusun za a ƙwanƙwasa, wataƙila wani dattijo ne a ƙauye da aka ce masa tallafi za a ba shi. Talauci ne na sani, wanda bai karya ba in ka nuna masa dubu biyu ba zai tsaya dogon tunani ba. A Kenya ma haka aka yi a 2023, mutane suka yi dogon layi a Nairobi kamfanin Worldcoin yana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu yana ba su abin da ya kai kusan shilin 7,000, sai da gwamnatinsu ta dakatar da shi a watan Agusta, daga baya kotu ta ce a goge abin da aka ɗauka. Da nan aka kawo wannan na'urar, ina tsoron layin da za a yi.

Ga kuma tarkacen da ake cika mana kasuwa da su. Ina sayar da wasu a da, na daina. Agogon nan na hannu mai araha da ake cewa yana auna bugun zuciya da hawan jini har da suga, wata rana na ɗaura shi a jikin robar lemo a kan teburina na danna, sai ga shi ya kawo bugun zuciya 78 da awon jini lafiya lau. Roba fa. Jikina ya yi sanyi domin akwai wani bawan Allah mai ciwon suga da ya saya a wajena yana murna ya huta da huda yatsa kullum. Sai da na nemo lambarsa na kira shi na ce Alhaji ka dawo da agogon nan ka karɓi kuɗinka, ka koma kan na'urarka ta asibiti. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ma a Fabrairun 2024 ta gargaɗi mutane cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba. Wannan har da masu tsadar ake nufi, balle na dubu goma da ba a san wanda ya ƙera ba.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne kyamarar tsaro mai haɗuwa da waya, har da wadda aka yi ta kamar ƙwan lantarki. Magidanci zai saya ya sa a tsakar gida ko a falo don yana kasuwa yana ganin gida, yaron da ya zo ya haɗa masa shi ya buɗe asusun, shi ya sa lambar sirri ko ma ya bar wadda ta zo da ita daga kamfani, ya tafi. Hoton kuma kafin ya zo wayarka sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa. Kakanninmu da suka gina gida da zaure ba don ado suka yi ba, baƙo komai girmansa a nan yake tsayawa ya yi sallama, wani gidan ma sai ka wuce zaure biyu ko uku kafin ka hango tsakar gida, kuma ko almajiri in ya fara girma ana hana shi shiga. Allah Ya ce kada mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, a Suratun Nur, Ya kuma hana bin diddigin sirrin juna a Suratul Hujurat. Yau mu da kuɗinmu muke sayo ido mu kafa a inda matanmu suke zama ba lulluɓi, ba mu san ko mutum nawa ne ke iya leƙawa ba. Ban ce kada a sa kyamara ba, a sa a ƙofar gida da shago, ɓarayi sun yi yawa. Amma cikin gida, a'a wallahi.

Akwai doka, na sani. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, akwai hukumar NDPC da aka ɗora wa aikin. A Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220, cikin dalilan har da yadda yake juya bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. Na yaba. Amma ka zo Farm Centre ka tambayi mutum ɗari ko sun taɓa jin sunan NDPC, ko sun san suna da haƙƙin su ce a goge bayanansu, ko in an yi musu irin abin da aka yi wa ƙanina ina za su kai kuka. Duk abin da ake rubutawa da Turanci ne, takardar sharuɗɗan da muke danna amincewa Turanci ce mai tsawon da ko lauya zai gaji, ga kuɗin data da kira an ƙara da kashi 50 a farkon 2025, kenan da kuɗinmu muke sayen datar da ake kwashe mu da ita. Yanzu kuma ga fasahar ƙirƙirarriyar basira ta AI, ana haɗa murya da fuskar mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba, mu da muke tura saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutu muryar kowa tana yawo a wayoyin mutane.

Roƙona gare ku 'yan jarida, duk lokacin da wata hukuma ta sake cewa a zo a yi rajista, kafin ku buga mana ranar rufewa ku tambaye su na baya da aka karɓa me aka yi da shi, mutum nawa aka kama da shi, wa aka hukunta da ya fita. Hukumar NDPC ta shigo gidajen rediyon Hausa ta yi bayani da harshen da Hajiya za ta gane, ta ba da lambar da za a kira. Malamanmu su sa maganar nan a huɗuba, cin amana ce kamar kowace. Mu masu gyara kuma ƙungiyoyinmu su sa doka a kan duk yaron da aka kama yana buɗe hotunan mutane, a kore shi daga kasuwar baki ɗaya ba daga shago ɗaya ba.

In kuma kuna ganin na cika baki, ku turo wakilinku ya zo ya zauna a benci na wuni ɗaya, ba zan nuna masa wayar kowa ba, ya saurari abin da masu shigowa suke faɗa da bakinsu kawai. Agogon nan ma yana nan a durowa ban yar ba, robar lemo kuma ba ta wuya a kasuwa, sai ya gwada da hannunsa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai gyaran waya,
Farm Centre, Kano.